Ƙarfen Ƙafar Inna

Mun tsallaka iyaka da hantsi. Inna tana kwance a bayan mota a kan katifa biyu, yayata Rakiya ta tallafe mata kai, ni kuwa ina gaba kusa da direba ina lura da shi ta gefen ido. Tun daga Maraɗi ban yarda da mutumin ba. Wanda aka ba mara lafiya amma yake tsayawa kowane ƙauye yana raɗa da masu buhuna, ai dole ka sa masa ido. Daga baya na gane albasa kawai yake nema wa surukinsa, amma a lokacin na riga na gama yanke cewa yana shirya mana wani abu.

Gara in faɗi halina tun yanzu, don kada a ce na ɓoye. Sunana Illa, mutumin Garhanga ne ni, amma a Madawa nake sana'a. Aikina sudur, abin da mutanen Najeriya ke kira walda. Na daɗe ina ƙona ido a bakin ƙarfe, kuma babban abin da sana'ar ta koya mini shi ne kada in yarda da duk abin da aka shafa wa launi. An sha kawo mini bututu ana rantsuwa na Turai ne, ina sa masa wuta ya zube. Saboda haka ni ko tsire zan saya sai na juya shi na ga bayansa. Matata tana cewa da za a ba ni Aljanna sai na ƙwanƙwasa ƙofar na ji ko da gaske ƙarfe ce.

Ranar da muka shiga Najeriya, kwana tara ke nan da faɗuwar Inna. Santsi ne ya kwashe ta a bakin randa. Matar da ta yi shekaru tana ɗaukar duwatsu a kai tana hawa tuddan Keita zamanin aikin gyaran ƙasa, ba ta taɓa ko gurɗewa ba, sai ga shi ɗan ruwan wanke-wanke ya kayar da ita a tsakar gidanta. Mun fara kiran maɗori daga Ibohamane. Ya ɗaure, ya shafa, ya yi kwana huɗu yana zuwa, sannan ya kira ni gefe ya ce wannan karayar ta shige can cikin kwatangwalo inda hannu ba ya kaiwa, mu nemi likita. A Tawa aka yi mata radiyo, wato hoton ƙashi, aka ce sai an yi aiki an sa ƙarfe, amma mu jira layi. Ni kuwa da na ji "ku jira" sai na ji kamar an ce "ku miƙo wani abu". Ban tambayi kowa ba na yi fushi. Wani direban babbar mota da nake yi wa gyara ya ce mini a Kano yau ka je gobe an gama. Na ɗauko tsohuwa muka kamo hanya.

Hanyar ba ta yi mata da sauƙi ba. Duk ramin da mota ta faɗa sai in ji shi a haƙorina. Inna ba ta yi kuka ba ko sau ɗaya, gefen mayafinta kawai take cizawa. Na waiwaya na ce, "Inna, shina ciwo?"

"Kai dai dubi gabanka," in ji ta. "Ƙahwata ta, ba taka ba."

A Katsina muka canza mota. Mutum huɗu suka kama kusurwoyin katifar, ni ina bin su ina ƙirga jakunkuna, Rakiya tana yi mini tsawa in bar jaka in kama uwata. Muka isa Kano da la'asar. Ban taɓa ganin mutane da yawa haka suna sauri ba, kuma ba wanda ya san wani. Hausa suke yi, Hausa muke yi, amma da na buɗe baki sai a yi murmushi. Ana murmushin kuwa sai in ƙara dafe aljihu.

A tasha wani mutum mai tsabtar riga ya tare mu. "'Yan Nijar ne? Allah sarki! Ai ni ma kakata 'yar Tawa ce." Daga baya na lura duk wanda zai cuce ka a garin nan sai ka tarar kakarsa 'yar Tawa ce. Ban yarda da shi ba, amma rana tana faɗuwa, Inna tana kwance a ƙasa mutane suna tsallake ta. Ya samo mota, ya ɗaukar wa Rakiya jaka, ya kai mu wani lungu ya ce ga asibitin ƙashi. Shagon magani ne da gado biyu a bayan labule. Wani mai farar riga ya karɓi hoton Inna ya ɗaga sama yana girgiza kai irin na masana, ya ce allura bakwai za ta haɗa ƙashin. Ni ban yi lakwal, wato boko, mai nisa ba, amma na ga kan ƙashin yana kallon ƙasa. A kife ya riƙe hoton. Na fizge abina. Kafin mu fito, jikan 'yar Tawa ya ɓace da jakar da ke da zannuwan Inna da garin furarta.

Asarar ta yi mini zafi, amma gaskiya ta fi ƙara mini girman kai. Na dubi Rakiya na ce, "Kin gani? Da ba don idona ba da yanzu sun tsira mata ruwan banza."

Ta ce, "Idon naka ina shike sa'ad da anka tahi da jaka?"

Wata mata mai sayar da abinci a bakin lungun ce ta gan mu tsaye cirko-cirko. Ta tambayi abin da ya faru, ta yi salati, ta kwance zanen da ta yafa ta rufa wa Inna, sannan ta kira mai mota ta faɗa masa sunan wani ƙaramin asibiti inda aka yi wa mijinta aikin ƙafa. Na tsaya ina jiran in ji abin da za ta nema. Ba ta nemi kome ba, ta koma kan tukunyarta. A mota na ce wa Rakiya ƙila ana ba ta wani abu a kan duk wanda ta tura. Rakiya ta ce in ban rufe bakina ba za ta sauke ni.

Asibitin na gaske ne. Aka ba Inna gado a ɗakin mata, aka rataya mata nauyi a ƙafa, a ranar ta fara barcin kirki. Washegari likitan ƙashi ya kira ni ofishinsa. Siriri ne, bai kai ni shekaru ba, kuma wannan ma bai kwanta mini ba. Hausarsa cike take da Turancin Ingila, tawa da Faransanci, sai da ya ɗauko takarda da biro muka fahimci juna.

Ya zana ƙashin cinya, ya nuna can sama kusa da inda yake shiga kwatangwalo. "Da a ce biyu ya rabu, da da sauƙi," in ji shi. "Na Mama ya fashe gida huɗu. Gefen ciki, wanda ke ɗaukar nauyin jiki, ya rugurguje. Irin wannan ba ya zama inda aka ajiye shi."

Ya ce ƙarfe iri biyu ake sawa. Na farko falle ne da ake ɗaurawa a bayan ƙashi, da babban sukuru da ke shiga cikin kan ƙashin. An yi shi ne yadda sukurun zai riƙa zamewa kaɗan-kaɗan, guntayen su matse juna su haɗe. Ya ce abu ne mai kyau, an daɗe ana aiki da shi, a karaya mai sauƙi ba shi da na biyu. Amma in ƙashin ya rugurguje, ba abin da zai tare zamewar, sai ta zarce, ƙafa ta gajarce, wani lokaci ma sukurun ya huda kan ƙashin ya fito. Na biyu doguwar ƙusa ce da ake zurawa ta sama cikin ramin ɓargo, ita ma da sukurunta. Tana zaune a tsakiyar ƙashi, ita ce ke zama katangar da ta rushe. "Ga irin karayar Mama, ƙusar na fi so," in ji shi.

Na gane bayaninsa tun kafin ya gama, don aikina ne. In bututun amalanke ya karye, ko dai ka yi masa faci ta waje ko ka zura masa rodi ta ciki, kuma ko yaron shago ya san wanda ya fi ɗaukar kaya. Amma saboda na gane da sauri sai na fara tunanin ko an tsara maganar ne don irina. Me ya sa yake tura ni wajen ƙusa? Wa ke sayar da ita? Ɗan uwansa ne?

Ya auna ƙashin Inna a hoto, ya rubuta lamba a takarda. Ya ce Mama ƙaramar mace ce, ramin ƙashinta matsattse ne, sai siririyar ƙusa. Ya buga waya, aka ce akwai guda ɗaya tak a wurin mai kawo musu kayan, za a aiko da ita da yamma, a yi aiki jibi da safe. Na ce a'a, ni zan je in ɗauko da hannuna. Ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa, ya ce in kai ta kai tsaye wurin nas ɗin ɗakin tiyata.

Shagon yana hawa na biyu a wata kasuwa. Mai shagon ya miƙo mini dogon kwali, na karɓa. Ba nauyi. Na san nauyin ƙarfe kamar yadda mai awo ya san tiya, kuma wannan bai kai rabin abin da hannuna ke jira ba. Na sauka ƙasa na buɗe kwalin. Ƙusar tana cikin leda biyu a liƙe, kyakkyawa, sumul, kuma shuɗiya. Launi! Na ce a raina, to, an zo wurin. Alminiyam ne irin wanda ake zuba tukwane da shi, aka shafa masa shuɗi za a cusa wa uwata a cinya, ta taka sau biyu ya lanƙwashe, mu kuwa muna can Garhanga ba wanda za mu kama.

Maimakon in nufi asibiti, sai na bi ƙarar injin gurza ƙarfe, wanda mu muke ce wa mul, har na iske wani dattijo mai walda a gefen titi. Sunansa Malam Habu. Na gaishe shi, na ce ɗan sana'a ne ni daga Nijar, ina son aron injinsa na minti ɗaya. Ya ga abin da nake yagewa, ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Ɗan'uwa, wannan ba kayan asibiti ba ne?"

"Shi na za ni gwadawa."

"Da ni ne da ban buɗe ba."

Na riga na buɗe. Na sa maganaɗisu, bai kama ba. Wannan bai isa hujja ba, don farin ƙarfe mara tsatsa ma ba ya kamawa, sai dai shi yana da nauyi. Saura gwaji ɗaya, wanda bai taɓa yi mini ƙarya ba. Baƙin ƙarfe in ka kara shi a dutsen inji tartsatsinsa ja ne, alminiyam kuwa ba ya tartsatsi sam. Na tayar da inji, na kara tsakiyar ƙusar.

Tartsatsin da ya tashi fari ne fat, mai kashe ido, irin wanda ban taɓa gani ba tun da na fara sana'a. Na janye hannu da sauri. Malam Habu ya matso, ya karɓa, ya juya ta. Ya ce sau ɗaya ya taɓa ganin wannan hasken, a wani guntun ƙarfen jirgin sama da aka kawo masa. Titaniyam ake ce masa. Ba nauyi, ba tsatsa, kuma ya fi ƙarfin duk abin da ke shagonsa.

"Kayanka na gaske ne," in ji shi. Ya sa farce a inda dutsen ya ci. "A da dai."

Gurbin bai fi ƙwayar shinkafa ba. Na zauna a kan benci. Can sai hannuna ya fara aiki da kansa. Na nemi takardar goge ƙarfe mai laushi na bi wurin har ya yi santsi, na mai da ƙusar cikin ledojinta, na juya tabon ya kalli ƙasa, na ɗumama bakin wuƙa na liƙe. Na iya ɓoye aibi, ina cikin waɗanda suka fi iyawa a Madawa. Malam Habu yana kallona har na gama, sai da na tashi ya ce Allah ya ba mai jiki lafiya.

Ban kai wa nas ba. Na cusa kwalin a jakata na shiga ɗakin mata. Inna tana tari, goshinta da zafi. Rakiya ta ce tun azahar ta fara, kuma da ta juya ta ta ga fatar bayanta ta soma salewa. An sayo mata fura ta kurɓa sau ɗaya ta ture, ta ce mutanen nan sukari suke damawa su kira shi fura. Ta tambaye ni ko an yi ruwa a gida, ko wani yana ba awakinta dusa. Sannan ta kama hannuna.

"Illa, ni ba gona nika roƙo ba. In dai taka da ƙahwata in shiga kewaye ni ɗaya, ɗiyata ta bar ɗaukar min kwano. Shi kaɗai na."

Na ce in Allah ya yarda. Jakar tana kan cinyata.

Abin da ya hana ni sakat shi ne na san abin da na yi fiye da kowa a asibitin nan. Ƙarfen da ke ɗaukar nauyi, in aka yi masa ɗan gurbi, ba ranar yake karyewa ba. Yana aiki lafiya wata biyu, wata biyar, kowane taku yana ƙara tsagar da ido ba ya gani, rannan sai ya ɓalle daidai wurin. Na sha gaya wa masu amalanke haka ina yi musu dariya. Na yi ta lallashin kaina cewa Inna ba ta da nauyi, gurbin ƙarami ne, na goge shi da kyau. Da wani ne ya kawo mini wannan hujjar a shago da na kore shi.

Da safe na shiga ofishin likita na ajiye kwalin, na faɗa masa kome. Na so ya yi mini ihu, da na fi jin daɗi. Ya fito da ƙusar, ya kai ta bakin taga, ya daɗe yana dubawa. Ya ce leda ba matsala ba ce, da ita kaɗai na yaga da sun sake dafa ƙarfen. Amma wannan tabon, ba zai sa shi a jikin mutum ba.

Ya buga wa mai shago waya a gabana. Babu wata mai wannan lambar a garin, sai an aiko daga Legas, kuma ba za ta iso ba sai bayan mako guda, in an yi sa'a. Ya ajiye wayar ya ce, "Mama ba ta da mako guda. Ƙirjinta ya fara kamawa, bayanta ya fara ciwo. Tsoho in ya daɗe a kwance, ba karayar ce ke kashe shi ba, kwanciyar ce. Fallen muna da shi a nan. Gobe zan sa mata shi, in yi iya ƙoƙarina."

Kunya ba ta kashe halin mutum a rana ɗaya. Ina tsaye a gabansa da laifi a wuyana, amma sai da wani abu ya raɗa mini cewa ƙila goge ƙusar zai yi ya sa wa wani. Na ce a ba ni ita. Ya miƙo mini ba tare da ya ɗago kai ba, ya ce, "Riƙe, ai taka ce."

Rakiya na tarar a bakin gadon Inna, an ja labule, tsohuwa ta rufe ido. Na jawo ta gefe na faɗa mata ƙasa-ƙasa. Rakiya ba ta san ƙasa-ƙasa ba.

"Kac ce mi? Ka kai ƙarhen uwarka ga mul? Tun Garhanga kaka zargin mutane, direba ɓarawo, likita ɓarawo, mai tuwo ɓarauniya. Kai da ba ka yarda da kowa ba, wa yac ce mu mu yarda da kai?"

Da ta huce ta share ido ta ce kada in kuskura in gaya wa Inna, za ta shiga tiyata da baƙin ciki. Muka shirya cewa likita ne ya sake shawara. Da Inna ta buɗe ido muka gaya mata haka, ta ce Allah ya sa shi ne alheri.

An yi aikin, ta fito da rai. Kwana biyu aka zaunar da ita, tarin ya fara sauka. Wannan kam likita ya yi gaskiya. Amma ya hana ta ɗora nauyi sosai a ƙafar, ya ce mu zauna kusa har a sake hoto, don haka muka yi makonni a Kano. Rakiya tana kwana a tabarma gefen gado. Ni kuwa Malam Habu ne ya ba ni wurin shimfiɗa a shagonsa, ya kuma riƙa ba ni aikin ƙofofi ina samun na abinci. Bai taɓa tayar da maganar ƙusa ba. Na yi ta jiran ranar da zai nemi wani abu a wurina, har muka rabu ranar ba ta zo ba. Kewar gida ta dame ni ƙwarai a kwanakin nan. Na yi kewar jan dutsen garinmu, da yadda mutum zai tsaya a kan tudu ya hango mai zuwa tun yana nesa ya san ko ɗan wane ne.

Hoton farko ya yi kyau. A na biyu, tun kafin likita ya yi magana na ga wutsiyar sukurun ta fito ta bayan fallen fiye da da. Ya zame. Likita ya ce sukurun bai huda kan ƙashin ba, kuma ƙashin ya fara haɗewa, mu gode Allah. Sai dai ya haɗe ne a inda ya zauna, ba a inda aka so ba. Ya miƙe ƙafafun Inna a kan gado ya haɗa dugaduganta. Ta hagu ta gaza da kamar yatsa biyu.

Na bi shi har waje na ce ya gaya mini tsakani da Allah, da ƙusar aka sa da haka ta faru?

"Ba zan rantse maka ba," in ji shi. "Na ga waɗanda aka sa wa ƙusa ƙafar ta gajarce. Na ga waɗanda aka sa wa falle suka miƙe sumul. Kuma kwanakin da ta yi kafin ku zo su ma suna da nasu. Ka bar abin haka."

Ban yarda da shi ba. Wannan karon ba cuta nake zarginsa da ita ba, tausayi nake zarginsa da shi, kuma ya fi ciwo.

Mun koma Garhanga bayan an gama girbi. Inna tana tafiya da sanda, kowane taku kafaɗarta ta hagu tana nutsewa. Tana shiga kewaye ita kaɗai, tana zuwa gidan suna in ba nisa. Gonar kan tudu kuwa ba ta sake hawa ba. Mata suka yi ta zuwa barka, suna cewa Illa ɗan albarka ne, ya kai uwarsa har ƙasar waje. Ina jin su ina sunkuyar da kai, suna cewa dubi kunyarsa.

Karkatar ta fara sa mata ciwon baya, sai na ce zan ƙara wa takalminta tsawo. Wata Juma'a na zo daga Madawa da guntayen tayar mota da wuƙa da gam. Ta zauna a kan turmi a inuwar rumbu, ta ɗora ƙafar a gwiwata. Ƙafar ta rame, ba nauyi. Na yanka roba na liƙa, na datse gefe, na sa mata. Ina ɗaure igiyar ne maganar ta fito, ban shirya ta ba.

"Inna, ba likita yas sake shawara ba. Ni na. Ni nil lalata ƙarhen da za a sa miki."

"Na sani."

Na ɗago kai.

"Labule ba bango na ba," in ji ta. "Kuma muryar Rakiya ko Keita ana jin ta."

"Kin sani tun can? Don mi ba ki ce komi ba?"

"In ce mi? Ina kwance garin mutane, ba ni da kowa sai ku biyu, ɗaya na kuka ɗaya ya bar cin abinci. In ƙara maka da mi?" Ta miƙo hannu. "Ba ni sandata."

Na ba ta. Ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta taka zuwa bakin randa, ta juyo, ta dawo a hankali tana sauraren ƙafar. Ta sake zama a kan turmi, ta cire takalmin ta miƙo mini.

"Ƙara min kaɗan wajen dunduniya. Har yanzu ina karkata."

Na ɗauki wuƙa na sake yanka roba. Sai da na ɓata biyu kafin ta uku ta yi daidai.